In Na'ura Ta Yi Ihu, Wa Zai Fito?



Akwai wata sabuwar waƙa da ake rera mana a 'yan shekarun nan, musamman a tarurrukan bita na manyan otal-otal a Abuja da Kano da Yamai, inda ake tattauna matsalar manomi ba tare da an gayyaci manomi ba. Waƙar ita ce wai an kusa gamawa da ƙwarin gona, domin kimiyya ta kawo wata na'ura da za a kafa a tsakiyar shuka, ta kama ƙwari da kanta, ta ƙirga su da kanta, ta aika wa manomi saƙo a wayarsa yana kwance a ɗaki. Wasu har ƙarawa suke yi da cewa daga yanzu ba sai gwamnati ta wahalar da kanta da ɗaukar malaman gona ba, tunda waya ɗaya za ta yi aikin malami ɗari. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san akasarin masu karatu sun fi son a ci gaba da labarin Hajiya da kishiyarta, to amma ku yi mini haƙuri na yau, domin ko soyayya sai da tuwo a ciki take daɗi.

Ga matsayina tun daga farko, don kada wani ya yi mini fassara. Na'urar nan gaskiya ce, tana aiki, kuma muna bukatarta. Amma iyakar aikinta ihu ne. A garin da aka san in an yi ihun ɓarawo maza za su fito da sanduna, ihu yana da daraja. A garin da babu mai fitowa kuwa, ihu sai dai ya ƙara wa mai gida takaici, a kwashe masa kaya yana ji yana gani. Duk wanda ya ce a sayi ihu a sallami masu fitowa, ko dai bai san noma ba, ko kuma yana da abin sayarwa.

Bari mu yi wa na'urar adalci, mu faɗi yadda take. Yawancin tsutsotsin da ke cin amfanin gona 'ya'yan wani ƙwaro ne mai fiffike, dangin malam-buɗe-littafi, irin wanda ke yawo da dare yana afka wa fitila, shi ya sa ake ce masa faɗa-wuta. Macen idan tana neman namiji takan saki wani ƙamshi wanda hancin mutum ba ya ji, amma namijin yana jiyo shi daga nesa. Masana sun daɗe da gano yadda ake haɗa irin wannan ƙamshi a ɗakin gwaji, a sa shi a ɗan guntun roba, a rataye a cikin akwati mai takarda mai danƙo. Namiji ya biyo ƙamshi yana tsammanin amarya, sai ya manne. Wannan tarko tsoho ne. Abin da aka ƙara masa yanzu shi ne kyamara, da farantin sola, da batir, da layin waya. Kullum kyamara za ta ɗauki hoton takardar ta tura ta intanet, kwamfuta ta duba hoton ta ce yau an kama guda kaza na iri kaza. Wani kamfani a ƙasar Sulobeniya yana yin irinsa da sunan Trapview, har da samfurin da ke naɗe tsohuwar takarda ya warware sabuwa da kansa. Mutanen Ostiriya suna da iSCOUT. Kamfanin Semios na Kanada kuwa har da na'urar da ke fesa ƙamshin macen a cikin gona, don mazan su rikice su kasa samun matan. Akwai ma masu auna saurin kaɗa fiffiken ƙwaro idan ya gifta ta cikin haske, su gane irinsa daga nan. Wallahi abin sha'awa ne, ba ni da ja.

To ina aka fi cin moriyarta? A gonakin 'ya'yan itatuwa masu tsada, irin su tuffa da inabi. Manomin tuffa a Amurka ko Italiya babbar abokiyar gabarsa wata tsutsa ce da ke huda ɗan itacen ta shige ciki, kuma da zarar ta shige magani ba ya iske ta. Saboda haka ɗan lokaci kaɗan yake da shi, tsakanin ƙyanƙyasar ƙwai da shigewar tsutsa. Sai ya lura da ranar da mazan suka fara faɗawa tarko a kai a kai. Daga ranar sai ya fara tara lissafin zafin kowace rana, domin zafi ne ke sa ƙwai ya nuna. Idan lissafi ya kai adadin da masana suka riga suka tabbatar, sai ya fita feshi. A da sai ya biya ma'aikaci ya shiga mota ya zagaya tarkuna ɗaya bayan ɗaya duk mako. Na'ura ta rage masa wannan kuɗi, ta kuma ba shi labari kullum a maimakon mako-mako.

Yanzu ku duba abin da ke bayan wannan manomi. Akwai binciken shekara da shekaru a kan wannan tsutsa a irin yanayin ƙasarsa, wanda shi ne ya ba lambar da na'ura ta turo ma'ana. Akwai masanin da zai kira ya ba shi shawara. Akwai kantin da zai sayi magani na gaskiya wanda bai lalace ba. Akwai motar feshi a rumfa, akwai bankin da zai ba shi bashi kafin la'asar. Na'ura ta same shi da rigarsa da wandonsa, ta ɗora masa hula. Mu kuwa hular ake so mu fara saya, alhali ba mu da abin da za mu rufe jiki.

Wanda yake ganin baƙin baki ne kawai gare ni, to ya tuna da farar dango, domin tana cikin ƙwarin da aka daɗe ana kafa wa ido da na'urori, kuma a yankinmu aka yi abin. Tun a 1968 wani masani mai suna Glen Schaefer ya kai na'urar rada arewacin Nijar, yana kallon yadda fara ke tashi sama da dare, aikin da ke cikin na farko-farko a duniya wajen bin diddigin ƙwari da rada. Tun shekarun 1970 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, take da ofis a birnin Rum wanda ba shi da aiki sai tattara labarin fara daga ƙasashe, yana haɗa shi da hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna inda aka yi ruwa da inda ciyawa ta tsiro a cikin hamada, yana fitar da sanarwa duk wata. Ihu dai kam akwai shi.

A daminar 2003 aka sami ruwa mai yawa a Sahel. A watan Oktoba FAO ta yi gargaɗi cewa fara tana taruwa a Muritaniya da Mali da Nijar da Sudan. A Fabrairun 2004 ta roƙi dala miliyan 9 domin a murƙushe ta tun tana ƙarama. Masu kuɗi suka yi kunnen uwar shegu. Fara ta haura Maroko da Aljeriya ta hayayyafa son ranta, ta juyo kudu da damina. Zuwa watan Agusta abin da ake nema ya kai dala miliyan 100. Kafin a gama yaƙin a 2005 sai da aka fesa magani a kan kimanin hekta miliyan 13, aka kashe sama da dala miliyan 400. Garken fara mai faɗin murabba'in kilomita 1 yana ɗauke da aƙalla fara miliyan 40, kuma a yini guda yana cin abin da mutum 35,000 za su ci. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa ba sa bukatar wani ya ba su labarin yunwar 2005. Ba fara kaɗai ta jawo ta ba, akwai ƙarancin ruwan sama da tsadar hatsi, amma ta taka rawarta, ga gonaki ga makiyaya. Shin a cikin wannan labari duka, ina wurin da aka rasa na'ura? An yi ihu wata da watanni kafin ɓarna. Masu fitowa ne ba su fito ba.

Ku kwatanta da 2012. A farkon shekarar fara ta hayayyafa a kan iyakar Libiya da Aljeriya, lokacin da rikicin da ya biyo bayan faɗuwar Gaddafi ya hana a yi feshi yadda ya kamata, ta gangaro arewacin Nijar da Mali da farkon damina. Amma a wannan karo Nijar da Chadi da Muritaniya suna da cibiyoyinsu na yaƙi da fara waɗanda aka ƙarfafa bayan darasin 2004, da ma'aikata da motocin shiga hamada. Kuɗi ya zo da wuri, ƙasashe maƙwabta suka ba da magani daga rumbunansu, aka kashe wutar tun ba ta kama dawa ba. Sannan ku duba ɗaya gefen. A 2018 guguwar teku biyu, Mekunu a Mayu da Luban a Oktoba, suka zubar da ruwa a babbar hamadar yankin Larabawa. Tauraron ɗan'adam ya ga ruwan sarai. Amma wuri ne da ba mai shiga, ƙasar Yaman kuma ana yaƙi, babu mai zuwa ya duba balle ya yi feshi. Ƙarshenta a 2020 Kenya ta ga farar da rabonta da irinta shekara 70. Ido a sama bai taɓa kashe ko fara ɗaya ba, sai da ƙafa a ƙasa.

Mu dawo gida, kan abin da ya taɓa tukunyar kowa. A 2016 tsutsar tumatir da manoman Kano suka raɗa wa suna Sharon, Turawa kuma suke kira Tuta absoluta, ta yi wa lambunan Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ƙarƙaf. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda bai daɗe da fara aiki ba, ya tsaya saboda rashin abin da zai niƙa. Matan gida suka koma kan na gwangwani da kauɗa. Jama'a suka yi ta magana kamar daga sama abin ya faɗo. Alhali kuwa wannan ƙwaro na Kudancin Amurka ya shiga ƙasar Sifen tun 2006, ya tsallaka Maroko da Aljeriya a 2008, an gan shi a Senegal da Nijar, sannan ya iso Nijeriya a 2015. Kusan shekara goma yana tafe a hankali kamar baƙon da ya aiko da wasiƙa. Tarkon ƙamshi na kama shi yana nan a kasuwar duniya, ba ya bukatar batir, ba ya bukatar intanet. Wa ya rataye shi a Kura ko Ɗanja ko Haɗeja kafin ɓarna? Wa ya zagaya ya nuna wa manoma farin tabon da tsutsar ke bari a cikin ganye, ya ce in kun ga wannan ku yi kaza? Kuma da a ce mun ɗauki darasi, ai da ba ta dawo ta sake yi mana irin ta a 2023 ba. Mutumin da aka aiko wa wasiƙa shekara goma bai buɗe ba, don an sauya masa wasiƙa da saƙon waya ba zai zama mai karatu ba.

Sai tsutsar masara, wadda ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. A Janairun 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya, kuma masanan cibiyar IITA ta Ibadan ne suka tabbatar da ita. Cikin shekara biyu ta mamaye ƙasashen Afirka sama da 40, ta isa Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostareliya a 2020. Uwarta tana iya tafiyar kilomita 100 a dare guda idan iska ta taimaka, tana kuma zuba ƙwai sama da 1,000 a rayuwarta. A nan ne iyakar tarko take fitowa fili. Na farko, maza kawai yake kamawa, ga shi mata ne ke yin ƙwai. Yawan mazan da suka faɗa tarko yana nuna cewa baƙi sun sauka a yanki, amma ba ya gaya wa Malam Wane ko masararsa ta kamu. Na biyu, an gano a Afirka ta Yamma cewa wasu ire-iren ƙamshin da aka kawo daga waje suna jawo wasu faɗa-wutan na daban masu kama da ita, ta yadda in ba gwani ba ne ya duba, sai a ƙirga baƙo da ɗan gida a ce duk ɓarayi ne. Kwamfutar da aka koya wa gane ƙwari da hotunan wata nahiya, sai an sake koya mata da namu, kuma masananmu ne za su yi wannan aiki, in an biya su.

Shi ya sa ita kanta FAO, da ta fito da manhajar waya mai suna FAMEWS a 2018 domin tattara labarin wannan tsutsa, ba ta ce a zauna a ɗaki ba. Cewa ta yi mutum ya shiga gona ya yi tafiyar karkace, ya tsaya wuri 5, a kowane wuri ya duba masara 10, ya leƙa can cikin zuciyarta inda sabon ganye ke fitowa, ya nemi ƙananan huji da kashin tsutsa mai kama da garin katako, sannan ya rubuta abin da ya gani a waya. Jagororin masana sun ce idan masara tana ƙarama aka sami kamar 10 a cikin 50 sun kamu, lokacin ɗaukar mataki ya yi, kuma tun tsutsar tana ƙanƙanuwa, kafin ta girma ta nutse inda magani ba ya kai wa. To wa zai koya wa manomi wannan? Manhajar da ake cewa za ta maye gurbin malamin gona, ita kanta malamin gona take jira ya cika ta.

Ban ma taɓo ƙananan abubuwan da mai zaman otal ba ya tunawa ba. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin kyamara, tana cika takardar danƙo har ta daina kamu. Zafin bazara yana ƙarar da ƙamshi da wuri, ga shi ko a ƙa'ida duk bayan 'yan makonni ake sauya shi, kuma daga waje ake shigo da shi. Farantin sola da batir a tsakiyar dawa, a inda ake sace injin ban-ruwa, kwana nawa za su yi? Na'urar da sai da sabis take magana, yaya za ta yi a irin halin da aka shiga a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni saboda 'yan bindiga? Sannan yawancin waɗannan na'urori kuɗin haya ake biya duk shekara, da kuɗin ƙasashen waje. Manomin da gonarsa ba ta kai hekta 2 ba, wanda yake ramcen kuɗin taki, shi ne zai biya? Haba jama'a!

Akwai kuma tambayar da ba a so a yi a wurin taro, wato ihun nan na wane ne. Manyan kamfanonin da ke sayar da maganin feshi suna sahun gaba a wannan fasaha. Bayer na Jamus yana da MagicTrap, FMC na Amurka yana da Arc. Ban ce suna ƙarya ba, kasuwancinsu suke yi, kuma a ƙasashensu akwai hukumomi da jami'o'i da manomi zai tuntuɓa ya ji ta bakin wanda ba ya sayar da komai. Amma a wurinmu, idan mai sayar da magani shi ne kaɗai mai ganin ƙwari, shi ne kuma mai cewa lokacin feshi ya yi, ai an ba kura ajiyar nama. Kowa ya san yadda kasuwar maganinmu take: na jabu, da wanda wa'adinsa ya wuce, da wanda ake aunawa da murfin kwalba babu takarda babu bayani, da yaran da ke goya famfon feshi babu takunkumi babu takalmi. Saƙon da zai ce wa manomi "ƙwari sun zo" ya yi shiru, fassararsa ɗaya ce a ƙauye: a je a sayo mai ƙarfi a ninka awo. Da haka ake kashe ƙwarin kirki masu cin na ɓarna, da haka Sharon take sabawa da magani har ya daina yi mata komai. Kada mu manta, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar da aka samu a jikinsa, dangin wadda ake haɗa fiya-fiya da ita. Su sun ƙi, mu muka ci abinmu. Gargaɗi ba tare da shawara ba zai iya ƙara mana guba a tukunya, a gudu gara a faɗa gidan zago.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ce madalla, dama kakanninmu sun yi noma babu na'ura, a bar mu da abin da muka gada. Ba na tare da ku. Kakanninmu ba su san Sharon ba, ba su san tsutsar masara ta Amurka ba. Ko a kan ƙwarin gida ma, a 1975 darɓa ta yaɗa cutar da ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewa, kuma tana cikin abubuwan da suka binne dalar gyaɗa. Ƙwaron da ke tafiyar kilomita 100 a dare ba a tare shi da idon mutum ɗaya a gona ɗaya. Dole sai da tarkuna masu yawa a faɗin ƙasa, dole sai labari ya riga ƙwaro isa. Rigimata da masu talla a kan tsari ce: a hannun wa na'ura za ta zauna, kuma me zai biyo bayanta.

Misalin tsarin kirki ba ya wuyar samu. A Ingila, cibiyar binciken noma ta Rothamsted tana da jerin tarkuna masu zuƙo iska, kowanne tsayinsa mita 12.2, suna kama darɓa tun 1964 ba fashi. Ma'aikata ne ke tantancewa, a fitar da sanarwa, manomi ya karanta ba tare da ya sayi tarko ba. Abin da ya ba aikin daraja shi ne ɗorewa, domin wanda yake da lissafin shekara 60 shi ne zai iya cewa bana ƙwari sun zo da wuri. Aikin da za a ƙaddamar da fati a ɗauki hoto, bayan shekara uku kuɗin masu tallafi ya ƙare a bar akwatuna suna tsatsa, wannan almubazzaranci ne.

Ga wani misali da ya fi kusa da mu. A Jami'ar Purdue ta Amurka, Farfesa Larry Murdock da abokan aikinsa sun ƙera wata na'ura mai sauraron ƙarar da tsutsar ƙwaron wake ke yi idan tana ci a cikin ƙwaya, ƙarar da kunnen mutum ba ya ji. Ba su ɗauko na'urar suka ce kowace mai ƙosai ta saya ba. A ɗakin gwaji ta zauna, ta taimaka aka tabbatar da cewa idan iskar shaƙa ta yi ƙasa tsutsar tana daina ci. Abin da ya iso ƙauye shi ne buhu mai riɓi uku, buhun PICS, wanda asalin gwajinsa tare da masanan Marwa ta Kamaru aka yi, aka kuma fara yaɗa shi sosai daga 2007. Kuma yaya aka yaɗa shi? Malaman gona ne suka bi ƙauyuka dubbai, a ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance a gabansu, kowa ya ga wake tas babu ko ɗigon magani. Haka nan a Maraɗi, masanan cibiyar INRAN da abokan aikinsu suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke harbin murzunar da ke cin zangarniyar gero ya yi ƙwai a jikinta. A cikin ƙananan buhunan algarara ake kai shi ƙauye a rataye. Wannan aiki lokaci ne ginshiƙinsa, in an saki da wuri babu abin da zai ci, in an makara an gama ɓarna. A irin wannan wuri tarko mai aiko da labari kullum zai yi rana, domin akwai waɗanda ke jiran ihun da makami a hannu.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na ɗaya, a ɗauki na'urar gadin ƙwari kamar ma'aunin ruwan sama, kayan gwamnati ne don amfanin kowa. Kada a ɗora wa ƙaramin manomi sayenta. 'Yan kaɗan a wuraren da suka dace, kamar Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗeja da yankin masara na Saminaka da Funtuwa, a harabar makaranta ko ofishin gona inda akwai mai gadi, sannan a kewaye su da tarkuna masu araha a hannun ƙungiyoyin manoma. Na biyu, lissafin da aka tara ya zauna a hannun cibiyoyinmu, irin su IAR da NAERLS na Samaru da INRAN da AGRHYMET na Nijar, a buɗe ga kowa, kada ya zama sirrin wani kamfani ko wani ɗan kasuwa da zai riga kowa sanin inda amfani zai lalace. Na uku, gargaɗi ya fito da Hausa, ta rediyo da saƙon murya, tare da bayanin abin da za a yi, har da cewa kada a yi feshi idan babu bukata. Na huɗu, kafin a sayi na'ura ɗaya a rubuta sunan ofishin da alhakin fitowa yake kansa, da kuɗin da aka ajiye masa tun kafin damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyar, wanda shi ne uwa uba, a dawo da malamin gona. Waɗanda suka ga ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da aka fara a tsakiyar shekarun 1970 sun san lokacin da malami yake zuwa ƙauye a kan babur a ranar da aka sani. Yau malami ɗaya ne ga manoma dubbai, in ma akwai shi, babu babur babu mai. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi, suka sabunta a Malabo a 2014, gwamnatin tarayyar Nijeriya ba ta cika ba. Wanda bai biya wannan bashi ba, kada ya zo mana da labarin cewa waya za ta yi noma.

Ku kuma 'yan'uwana matasa masu ilmin kwamfuta, waɗanda ke ƙera irin waɗannan na'urori a jami'o'inmu, ba ku nake wa faɗa ba, Allah ya ƙara basira. Shawarata ita ce duk wanda ya kira ku taro ya yaba muku, ku tambaye shi a gaban jama'a: ranka ya daɗe, in na'urar nan ta ce ƙwari sun sauka a Bunkure ranar Talata, wa zai je ranar Laraba, da wace mota, da kuɗin wa? In ya amsa, ku yi aiki da shi. In ya fara kame-kame, ku san hoto ya zo ɗauka.

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mai ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona daga fara da tsutsa, ya ba shugabanninmu kunnen jin ihu da ƙafar fitowa.